Tsattsewar Azurfa a Bangon Jira

Ranar da tsattsewar azurfa ta ɓace daga cocin masu jirgi, teku ta kwana ba ta motsa ba. Da asuba farin hazo ya kwanta a kan ruwan gaɓarmu da ake kira Boka, sai ga jirgin baƙi ya ratso shi a hankali, bene bisa bene, fitilunsa ba a kashe ba, kamar wata unguwa ce ta tsinke daga wata ƙasa ta biyo ruwa. Mu 'yan gari mun daina ɗaga kai mu dube su. Mun dai san kafin hantsi za a cika mana lunguna da fararen huluna da jajayen wuya, kafin magariba kuma a kwashe su, a bar mu da kyanwoyinmu.

Tripo, wanda muke kira Barba kamar yadda muke kiran kowane dattijo, shi ne kaɗai har yanzu yake tsayawa a bakin gaɓa yana duban fuskokin masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa ne ya ba shi hujja. Tun yana yaro ya koyi bin sawun awaki a kan dutse wajen kawunsa, ya girma yana nemo dabbar da ta ɓace da mahayin dutsen da ya rikice. Da gwiwa ta fara gardama sai kamfanin yawo da baƙi ya ɗauke shi, aka ba shi oba-oba, aka ce ya riƙa bin bayan ayari yana tsinto waɗanda suka ɓalle. Bai taɓa barin jirgi ya tashi ba tare da mutuminsa ba, kuma yana alfahari da haka fiye da yadda ya kamata.

Yana shan gahawa a tsaye ƙararrawar cocin ta kaɗa, alhali ba lokacin addu'a ba ne. Kaɗawa ce ta mai fushi. Ya ajiye kofin ya kama matakala.

Cocin nan ɗan ƙarami ne, yana maƙale a jikin dutse sama da rufin gidajenmu. Bango biyu ne abin kallo a cikinsa. Na dama shi ne bangon godiya, cike da 'yan faranta na azurfa da matuƙan da suka tsira daga guguwa suka rataya. Na hagu shi ne bangon jira. Duk wanda nasa ya tafi ƙetare ya daɗe, yakan sa maƙerin farfaru ya ƙera masa wani abu ya rataya da sunan matafiyin, kuma ba a sauke shi sai an dawo. A iya tsawon rayuwata ban ga an sauke ko guda ba. Mutanenmu gwanayen tafiya ne, ba su iya dawowa ba.

Tripo ya kutsa cikin taron, idonsa ya tafi inda yake zuwa kullum, ƙasa kaɗan da taga. Ƙusa ce kawai a wurin, da inuwar tsuntsu a jikin farar ƙasa.

Mahaifiyarsa ce ta rataya tsattsewar nan, a ɓoye, saboda yayarsa Ozana. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da Ozana ta bi wani injiniyan jirgi zuwa Ajantina, ubansu ya ce kada a sake ambatar sunanta a gidansa. Uban ya mutu, uwar ta bi shi, labarin Ozana ya yanke. Tripo ne ya gaji goge tsuntsun duk ranar Asabar. Ba ya cewa yana jiran kowa, amma da ya ga ƙusar nan tsirara sai ya ji kamar yau ne aka yi masa rasuwa.

"Ɓarayi ne, daga su har masu kawo su," in ji Teta Tonka, wato Gwaggo Tonka, mai riƙe da mabuɗin cocin, tana huci, hannu ɗaya a cikin aljihun rigar aikinta. "Na shiga baya ɗauko kyandir, na fito, wayam. Ayarin yarinyar can ne suka fita na ƙarshe."

Duk aka juya ga Dunja, 'yar jagorar ayari na bakwai. Laifinta na farko a wurin mutanenmu shi ne 'yar tudu ce, ba a bakin ruwa aka haife ta ba. Tana tsaye riƙe da sandar lambarta.

"Dama na faɗa, wata rana har ƙararrawar za su kwance," in ji wani.

"A rufe musu cocin kawai, su je su ɗauki hoton kifi."

Ɗan sandan garinmu, Sajan Gojko, wanda zufa ta riga ta jiƙa wa riga saboda hawan matakala, ya ce zai tare ayarin a bakin gaɓa da la'asar ya caje jakunkunansu kafin su koma jirgi. Mai kamfani kuma ya bugo waya yana cewa in ba a ga kayan ba Dunja ta ajiye masa sandarsa.

"A caje su duka," in ji Tonka. "Har tsofaffin. Musamman ma tsofaffin, a gaban jama'a."

Tripo ya dube ta, ya dubi ƙusar. "Gojko, ba ni zuwa ƙahon farko na jirgi. Tsuntsun uwata ne."

"Je ka, Barba. In ka gan shi ka rage mini aiki."

Ya sami Dunja a bakin famfon dandali, ta sallami ayarinta su yi sayayya. Ta wanke fuska amma idon bai ɓoye komai ba.

"Barba, wallahi ko taɓa shi ban yi ba."

"Ban ce kin taɓa ba, 'yata. Faɗa mini abin da kika gani, ba abin da kike tsoro ba."

"Kamar kullum ne. Masu jin Sifaniyanci ne yau. Na tsayar da su gaban bangon godiya, na ba su labarin guguwa, suka ce oh. Na juya da su bangon jira, na ce wannan na waɗanda ba su dawo ba ne, suka ce ah. Suka ɗaga wayoyi, suka fita."

"Duka suka ɗaga?"

"Ban da wata tsohuwa mai sanda, Ana suke ce mata. Ita zama ta yi a benci. Na ɗauka numfashi ne ya ƙare mata. Ko kallona ba ta yi ba da nake bayani, har abin ya ɗan ba ni haushi."

"Ta fito tare da ku?"

"Mutum arba'in ne, Barba, kowa da farar hula. Ina gaba ina ɗaga sanda kamar mai korar tsuntsaye. Amma na ga Spiro yana leƙe a ƙofa, har ya sa ƙafa ɗaya ciki."

Spiro yana da tebur a ƙofar cocin, inda yake sayar wa baƙi tarihin garinmu a kan yuro biyar biyar. Shi da Tripo aji ɗaya suka yi, tun lokacin kuma ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Ga tsohon bunsuru nan ya zo shinshina," in ji Spiro. "Me ka shinshino?"

"Ƙarya da man gashi. Ɗaga ƙyallen teburin nan."

"Wane ƙyalle?"

Tripo ya ɗaga da kansa. A ƙarƙashin tebur, cikin kwali, sai ga tsattsewa tana walƙiya. Ya ɗauke ta, kafin ma ya juya bayanta hannunsa ya gaya masa ba ita ba ce. Ba ta da nauyi, kuma a ƙarƙashinta akwai 'yan'uwanta sun kai ashirin.

"Gwangwani ne," in ji Spiro, yana sosa ƙeya. "Na ɗauki hoton taku na aika aka bugo mini. Baƙi suna son abin tausayi, Tripo, kai ma ka sani. Da zan gaya maka, sai na ga ba yau ba."

"Ka mai da uwata gwangwani."

"To, ka mare ni, na yarda. Amma sata ban yi ba. Me zan yi da ta azurfa, wa zai biya?"

"Me ya kai ƙafarka cikin coci, kai da rabonka da addu'a tun ranar aurenka?"

"Kwastoma nake nema. Ni ina lura da masu shiga, don in san wanda bai saya ba in tare shi a fitowa. Akwai wata tsohuwa mai sanda da ta tsaya ta daɗe tana kallon teburina, har da ɗan murmushi. Na ce wannan tawa ce. Ayari ya fito, babu ita. Na leƙa, ban ga kowa ba sai bayan Tonka."

"Ba ta fito ta nan ba?"

"Ko kyanwa ba ta wuce ni ban gani ba."

Tripo ya mayar da tsuntsun gwangwanin cikin kwali. In ba ta fito ta gaba ba, saura ƙofar baya, wadda baƙo bai ma san da ita ba domin labule ne a kanta.

Bayan cocin akwai wata tsohuwar matakala da ke gangarawa cikin tsohon gari ta tsakanin lambuna. Jiya masu fenti suka yi wa bangon farar ƙasa saboda bikin da ke tafe, suka zubar da rabinta a kan matakan kamar yadda suka saba, yau kuma ba su zo ba don ranar jirgi kowa ɗan kasuwa ne. Hazon asuba ya jiƙa farar ƙasar ta yi laushi. Tripo ya tsuguna. Wurin shiru, sai kukan ƙudan zuma a jikin bishiyar rumman da ta cika da jajayen furanni. Hayaniyar gari tana tasowa daga ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Sawu biyu ne a wurin. Ɗaya na kyanwa. Ɗaya na kambas sabo fil, ƙaramar ƙafa, irin wanda ake saya musamman don tafiya, da ɗigon sanda mai roba a gefen dama. A gindin rumman ƙafar ta tsaya, ta juya ta koma coci, ta sake fitowa. Ya ɗaga kai, ya ga an karya ɗan reshe, wurin bai ma bushe ba. Gaba kaɗan ya tsinci 'yar takardar da ake manna wa baƙi a ƙirji, mai lamba bakwai, an murje ta an yar.

Baƙuwa ce ke nan. Ya ji wani ɗaci, domin a ransa bai so Tonka ta yi gaskiya ba. Ya bi sawun yana sauka. Sai ya lura ƙafar ba ta bin tsakiya inda dutse ya goge yake santsi, gefe-gefe take bi kamar yadda muke yi. Wannan bai isa hujja ba, mai hankali ma zai iya. Ya ci gaba, har ya zo wani mataki mai faɗi kusa da kwana, ya tsaya cak.

Farar ƙasar da ke kan matakin nan lafiyarta lau. Sawu a samansa, sawu a ƙasansa, ɗigon sanda ya nutse sosai inda aka dogara aka tsallake. Tsohuwa mai sanda ta wahalar da gwiwarta ta tsallake mataki mafi faɗi da kyau a duk matakalar.

Matakin Fada ke nan. A da yana girgiɗi, tun ranar da ya kayar da wani Fada, wato limamin coci, da kwandon ƙwai sunan ya bi shi, kowane yaro a garinmu ya tashi yana tsallake shi ko da idonsa a rufe. Amma bayan babbar girgizar ƙasar da aka taɓa yi a garin nan an ɗaure shi da siminti. Yau shekaru da yawa muna taka shi, har Tripo kansa ya manta da sunan. Ba mai tsallake matakin Fada yanzu sai wanda ƙafarsa ta koyi garin nan kafin girgizar ƙasa, ya tafi, bai dawo ba sai yau.

Tripo ya zauna a kan matakin. Ya ga kansa yana ɗan shekara shida, hannunsa cikin na yayarsa, tana cewa ɗaya, biyu, hop, tana ɗaga shi sama. Ya ji muryar uwarsa ranar da ta rataya tsuntsun, tana gaya masa abin da tsofaffi ke yi a da: wanda ya dawo shi zai sauke nasa da hannunsa, ya rataya furen rumman a kan ƙusar don kada a bar ta tsirara, sannan ya tafi ƙofar gidansu ya ƙwanƙwasa da azurfar sau uku. Tsoro ya kama shi, irin na wanda ke mafarki mai daɗi ya san motsi kaɗan zai tashe shi.

Ya miƙe. Sawun ya ɓace a ƙasan matakala inda farar ƙasa ta ƙare, amma yanzu ba ya buƙatarsa.

Gidansu na lungun maƙera ya daɗe da fita hannunsu. Bayan rasuwar uwar ya sayar, ya koma wani ɗaki a saman gaɓa. Yanzu shagon askirim ne, ƙofar a buɗe, baƙi sun yi layi. Matar da ke haya tana ɗiba tana miƙawa.

"Wata tsohuwa? Ta zo, Barba, har ta ba ni tsoro. Ƙofa a buɗe, ga mutane, ita kuwa ta tsaya tana ƙwanƙwasa katako da wani ƙarfe. Sau uku, a hankali. Na ce da wane za a sa miki, lemo ko cakulan? Sai ta yi mini magana da harshenmu, amma irin na kakata. Wai ina mutanen gidan."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ni haya nake, ban san kowa ba. Ta ce ashe da gaske ne. Ta shafa bango ta tafi. Lafiya, Barba? Ka zauna in ba ka ruwa."

Bai zauna ba. Ya fita dandali, amma can ƙafa dubu ta riga ta shafe kowace ƙafa. Ya zaga rijiya, ya leƙa tsohuwar makaranta, ya duba bencin bakin kasuwar kifi. Ko'ina fararen huluna ne, kowace ya leƙa sai baƙuwar fuska ta yi masa murmushi. Rana ta karkata. Daga kan ruwa ƙahon farko ya yi kuka, duwatsu suka mayar masa.

A bakin gaɓa, ƙarƙashin rumfar mai gahawa, ya tarar da su duka. Sajan Gojko ya gama caje ayari na bakwai bai sami komai ba sai tsattsewar gwangwani guda shida. Spiro yana kallon sama. Dunja tana zaune ta haɗa kai da gwiwa. Ga wani jami'in jirgi cikin fararen kaya yana duban agogo. Tonka tana tsaye, rabin gari a bayanta.

"Saura mutum ɗaya, Barba," in ji Gojko. "Tsohuwar nan Ana ba ta dawo ba. Ina ga ita ce ɓarauniyarmu."

"Na gaya muku," in ji Tonka.

"Kin gaya mana, tun kafin kowa ya san da ita," in ji Tripo. Ya ja kujera ya zauna. "Dunja ba ta ɗauka ba, tana gaban ayari Spiro na kallonta. Spiro bai ɗauka ba, shi ɓarawon hoto ne kawai. Wadda ta sauke tsuntsun ta fita ta baya, ta tsallake matakin Fada."

Matasa suka dubi juna. Cikin tsofaffin da ke wurin kuwa, wata ta ɗora hannu a baki.

"Kafin ta fita ta karya reshen rumman ta koma da shi ciki. Amma da muka zo ƙusa tsirara muka gani. Tonka, tun safe hannunki yake cikin aljihun nan. Fito da shi."

"Kai wa ya ba ka ikon caje ni? Ɗan akuya kawai."

"Ba caje ki nake ba. Roƙonki nake."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zaro hannun, ta buɗe. Furen ya murje, ya rina mata tafi da ja.

"Tun daga tafiyarta na gane ta," in ji Tonka. "Ta yi furfura, ta yi sanda, amma kafaɗar nan tana nan yadda take. Na fito daga baya na same ta tana rataya fure, hankalinta kwance, kamar jiya ta fita. Ta juyo ta ce, Tonka. Haka kawai, Tonka. Kun manta injiniyan nan wa aka yi wa baiko da shi? Ni ban manta ba. Zanin gadon aurena har yau yana cikin akwati. Ita ta sha duniya ta dawo a yi mata ƙararrawa, ni ina share mata ƙura a ƙarƙashin tsuntsu? Na ce sai dai ta fita garin nan yadda ta fita da farko, ana nuna ta da baki."

"Saboda haka kika so a kori yarinyar mutane daga aiki," in ji Gojko.

"Ban yi tunanin yarinyar ba." Ta dubi Dunja, ta sunkuyar da kai. "Ban yi tunaninta ba sam."

"Me kika ce wa Ozana?" in ji Tripo.

Tonka ta dubi furen da ke tafinta.

"Ta je ƙofarmu ta ce ashe da gaske ne. Mene ne da gaske?"

"Ta tambaye ni kai. Na ce ba ta da kowa a garin nan. Na ce duk kun mutu."

Wani ya ja tsaki, wani ya ambaci sunan Allah. Tripo bai ji haushi ba a lokacin, haushin sai daga baya ya zo. Abin da ya ji shi ne sawun da ya ɓace masa a dandali ya sake fitowa fili. Wanda aka ce wa nasa duk sun mutu, wuri ɗaya ne zai je.

Jami'in jirgi ya yi magana, Dunja ta fassara. "Ya ce in an yi ƙaho na biyu ƙaramin jirgi na ƙarshe mai mayar da su babban jirgi zai tashi. Ba sa jiran kowa."

"Barba bai taɓa makara ba," in ji Spiro. "Tashi mana, tsohon bunsuru, me kake jira?"

Maƙabartarmu tana gefen gari a kan tudu, tana fuskantar ruwa, don matattunmu su ma su riƙa ganin masu shigowa. Tripo ya hau ba tare da ya ji gwiwarsa ba. Hasken la'asar ya zuba a kan duwatsun kabari kamar zuma, iska ba ta kaɗa ko ganye. A ƙofar, inda ƙasa ke da laushi, ga ƙaramar ƙafar nan da ɗigon sanda.

Tana zaune a bakin kabarin iyayensu, ta cire hular, farin gashinta a tsefe. Tsattsewar tana kan cinyarta. Da yatsa take bin rubutun dutsen, ta kai ƙasa ta sake komowa sama. Ta ji motsinsa ba ta juyo ba.

"Malam, in kai ne mai gadin wurin nan, taimake ni," ta ce, da irin maganar da rabonsa da ji tun uwarsa na da rai. "Ga Baba, ga Mama. Ina neman ƙanena, Tripo. Na zaga duka ban ga sunansa ba. Ko a teku ya tafi?"

Ya yi gyaran murya.

"Matakin Fada ya daina girgiɗi, Yaya. An sa masa siminti. Kin wahalar da gwiwarki a banza."

Yatsan ya tsaya a kan dutsen. Ta juyo a hankali, ta dube shi daga takalmi har furfura, ta daɗe a kan kunnuwansa.

"Kunnuwan Baba," ta ce. "Allah Sarki. Ɗan autan Mama, wa ya tsofar mini da kai haka?"

Ya zauna kusa da ita. Ba su rungumi juna ba, mutanenmu ba su iya wannan da wuri ba. Ta kama hannun rigarsa kawai ta riƙe, kamar mai tsoron a farkar da ita. Ta ce mijin ya daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Ta ce sau da yawa ta yi niyyar zuwa, kunya ta hana ta.

"Shi ya sa na biyo jirgin 'yan kallo," ta ce. "Na ce in sa hula in shiga cikinsu, in ga garin kwana ɗaya. In ba mai so na, da yamma akwai abin da zai kwashe ni, ba wanda zai san na zo. Ban san Mama ta rataya mini komai ba. Ina zaune yarinyar tana surutu, sai na ga sunana a fiffiken tsuntsu, yana ƙyalli. Na ce wannan ba matacce ke goge shi ba. Sai Tonka ta ce..."

"Na san abin da ta ce."

"Ina da alhakinta, Tripo."

"Kina da shi. Gobe kwa yi ta, ku biyu, in kawo muku kujeru."

Ƙaho na biyu ya yi kuka. A ƙasa, ƙaramin jirgin yana jijjiga a bakin gaɓa, mutum mai fararen kaya yana tsaye yana duban tudu. Oba-obar da ke ƙugun Tripo ta yi ƙara, muryar Dunja ta fito.

"Barba, ka same ta? Suna cewa yanzu ko a bar ta."

Ozana ta saki hannun rigarsa, ta laluba sandarta. "Akwatina yana can," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Da maganin hawan jinina."

"Muna da kantin magani. Mun ci gaba, har askirim muke sayarwa."

Ya ɗaga oba-obar. Duk wanda ya taɓa nemowa a garin nan ya mayar da shi jirgi, ko da goyo ne.

"Dunja, 'yata, ce musu su tafi. Su sauke akwatinta a tasha ta gaba, Spiro zai ɗauko, yana da bashin uwata a wuyansa. Babu baƙon da ya ɓace yau."

Suka sauko a hankali ta gefen matakala. Kafin su kai gaɓa jirgin ya juya, ya kunna fitilunsa, yana ja da baya cikin hazon yamma har ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. Mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna kallonsu. Daga sama aka kaɗa ƙararrawar coci sau ɗaya, a hankali, kuma duk mun san hannun wa ke kan igiyar.

A ƙofar ɗakinsa Tripo ya tsayar da ita.

"Tsaya nan, Yaya. Ba gidan ba ne, amma ƙofa ce."

Ya shiga, ya rufe, ya jingina goshinsa da katakon. A waje ya ji ta jingine sanda, ya ji ta gyara tsayuwa, ya ji ta ja numfashi. Sannan azurfar ta taɓa ƙofar, sau uku.